Na ba kyamara izinin kaiwa ISO 6400, me ya sa ta tsaya a 800 hoto ya yi dishi-dishi?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara. Kyamarata mai ƙaramin sansa ce (ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta), lens ɗin da ta zo da shi kuma 18-55mm. Na bar ta a kan A, wato ni ke zaɓar faɗin ƙofar lens ita ta zaɓi saurin shota, na kunna ISO na atomatik (lambar da ke ƙara wa hoto haske), na sa iyakarsa 6400. A waje da rana hotuna tar suke fita. Amma da zarar na shiga ɗaki zan ɗauki yara suna wasa, sai bango da kujeru su fito fes, fuskar yaron da hannunsa kuwa duk dishi-dishi. Na duba bayanan ɗaya daga ciki: tsawon lens 35mm, ƙofar lens f/5, saurin shota 1/60 na daƙiƙa, ISO 800. Abin da ya ɗaure mini kai, tunda na ba ta dama ta hau har 6400, me ya tsayar da ita a 800? Lens ne ya samu matsala ko fokas ne?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, lens ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ai ka ba kanka amsa: bango ya fito, yaro bai fito ba. Da rawar hannunka ce, da komai da ke cikin hoton ya ja wuri ɗaya, har bangon. Yaron ne ya motsa a lokacin da shota, wato labulen da ke barin haske ya shiga, ke buɗe. 1/60 ya yi wa yaro mai gudu jinkiri ƙwarai. Babban mutum ma da ke zaune yana magana, in ya juya kai a 1/60 za ka gani a hoton.

Dalilin tsayawarta a 800 kuwa, kyamara ba ta san yaro kake ɗauka ba. Tsawon lens kawai take kallo. Akwai tsohon lissafi na masu hoto: saurin shota kada ya gaza ɗaya bisa tsawon lens. Kana 35mm, ƙaramin sansa yana ninka shi sau ɗaya da rabi, ya zama kamar 52mm, sai ta ce 1/60 ya wadatar. Da ta samu 1/60 a ISO 800 sai ta ga ta gama aikinta. Wannan lissafin don rawar hannun mai ɗauka aka yi shi, babu ruwansa da motsin wanda ake ɗauka.

Shiga wurin saitin ISO na atomatik, bayan iyakar sama akwai wani layi na mafi ƙarancin saurin shota. Cire shi daga atomatik ka sa 1/250. Daga 1/60 zuwa 1/250 mataki biyu ne, kowane mataki kuma yana rage hasken da rabi, don haka ISO zai tashi daga 800 zuwa 3200, kuma yana cikin iyakar da ka sa.

Sabon Hannu:
Na gode Anti. Wallahi ban taɓa lura da layin nan ba. To amma 3200 ba zai cika hoton da yashi-yashi ba? Abin da nake gudu ke nan.

Uwar Biyu:
Zai ɗan yi, musamman a wuraren inuwa. Amma ka ɗora hotuna biyu gefe da gefe: ɗaya da ɗan yashi amma idon yaron ya fito har gashin ido, ɗaya sumul amma fuskar ta narke. Wanne za ka ajiye? Yashi ana rage shi a kwamfuta, manhajojin yanzu sun iya wannan aikin sosai. Fuskar da motsi ya shafe kuwa ta tafi ke nan.

Tsohon Hannu:
Ni dai duk wannan atomatik ɗin ban yarda da shi ba. Yaro, juya dayal ɗinka zuwa M, inda kai ke saita komai da hannu, ka kashe ISO na atomatik, ka koyi aiki. Mu da muka fara da fim, in ka ɗora fim mai ISO 400 to da shi za ka ƙare hoto 36, babu canji a tsakiya. Haka muka koyi karanta haske da ido. Yanzu an bar wa inji komai, mutum ya shekara da kyamara bai san bambancin f/4 da f/8 ba. A ɗaki ɗaya fitila ɗaya, me zai sa haske ya riƙa canzawa daga hoto zuwa hoto? Ka auna sau ɗaya, ka kafa, ka yi ta ɗauka.

Mai Tsuntsaye:
Allah ya ƙara girma Baba, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, a inda haske ba ya canzawa. Amma zo mu je ka ga aikina. Tsuntsu yana kan reshe cikin inuwar ganye, kafin ka ƙifta ido ya tashi ya shiga sarari rana na dukansa. Tsakanin wuraren biyu ana iya samun mataki huɗu ko biyar. Wane yatsa ne zai juya ISO cikin wannan ɗan lokacin, ga fokas ana bi, ga lens mai nauyi a hannu?

Abin da nake yi: ina kan M ɗin da kake so, amma ISO na bar shi atomatik. Shota ni na zaɓa, 1/2000 in suna tashi, in sauko 1/640 in yana zaune, tunda lens ɗina 400mm ne a ƙaramin sansa. Ƙofar lens ma ni na zaɓa. Abubuwa biyun da ke canza kamannin hoto suna hannuna, na ukun da aikinsa kawai ya cike gurbi na bar wa kyamara. Wannan ba lalaci ba ne. Pentax ma tun da daɗewa suka ware masa wuri na kansa a dayal, TAv.

Tsohon Hannu:
To ai wannan ba M ba ne kuma. Sunan M ne a dayal, amma mitar kyamara, wato ma'aunin haskenta, ita ce ke yanke maka hukuncin hasken hoto.

Mai Tsuntsaye:
Haka ne, ban musa ba. Shi ya sa babban yatsana ba ya nisa da maɓallin ƙari da ragin haske.

Injiniya:
Bari in tsaya a kan wannan, don a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Duk yanayin da ka bar wa kyamara ko da abu ɗaya, P ne (ita ta zaɓi ƙofa da shota), A ne, S ne (kai ka zaɓi shota ita ta zaɓi ƙofa), ko M da ISO na atomatik, to mita ce ke jan ragama. Mita kuwa ba ta san fari ko baƙi ba. Burinta ta mayar da abin da ta gani tsaka-tsaki, ruwan toka, wanda ake kwatanta shi da abin da ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Ka nuna mata mutum a gaban farin bango, za ta ce haske ya yi yawa ta rage, bango ya zama toka-toka, fuskar mutum ta yi duhu. Ka nuna mata mawaƙi a dandamali, fitila a kansa bayansa baƙi ƙirin, za ta ce duhu ya yi yawa ta ɗaga ISO, fuskarsa ta ƙone fari fat.

Maganin shi ne maɓallin nan mai alamar +/-. Farin bango ko sararin sama a bayan abin da kake ɗauka, ka ƙara +1, wani lokaci har fiye. Bayan duhu, ka rage -1 ko -2. ISO na atomatik bai sauke maka wannan nauyin ba.

Wani abu kuma, ba kowace kyamara ce ke barin ka yi ƙari da ragi a M da ISO na atomatik ba. Nikon sun daɗe suna bari. Canon 5D Mark III ba ta bari, sai a 5D Mark IV aka samu. Mai tsohuwar kyamara ya gwada tasa kafin ya dogara da wannan tsarin.

Sabon Hannu:
Yanzu kun raba mini hankali biyu. Anti ta ce A da mafi ƙarancin shota, Yaya Mai Tsuntsaye ya ce M da ISO na atomatik. Ba abu ɗaya ba ne? A duka biyun na zaɓi ƙofar lens, na kuma faɗi saurin shota.

Uwar Biyu:
A cikin ɗaki kusan abu ɗaya ne. Bambancin yana fitowa ne a bakin iyaka, sama da ƙasa.

Ɗauki misali kana M, f/2.8, 1/250, ISO na atomatik. Yaro ya ruga waje tsakar rana ka bi shi. ISO zai yi ta sauka har ya kai 100, daga nan babu inda za shi. A rana tsaka, f/2.8 a ISO 100 yana buƙatar wajen 1/3200. Kai kuma ka kulle ta a 1/250. Haske ya wuce kima da fiye da mataki uku da rabi, hoto ya ƙone, kuma kyamara ba za ta cece ka ba, sai dai ka ga lambar ISO tana ƙyaftawa in ka lura. A kan A kuwa, 1/250 ƙasa ce kawai ka shimfiɗa mata. Da haske ya ƙaru za ta sauke ISO zuwa 100, sannan ta ci gaba da ƙara saurin shota da kanta, 1/1000, 1/2000, har inda ta iya. Shi ya sa ga mai shiga da fita, ni A nake ba shi shawara.

Mai Tsuntsaye:
Hajiya ta faɗi gefe ɗaya, bari in faɗi ɗayan. In duhu ya yi yawa har ISO ya bugi iyakar da ka sa, a kan A kyamara za ta karya alkawarin 1/250 ɗin nan ba tare da ta tambaye ka ba. Za ta sauka 1/125, 1/60, 1/30, don ita dai hoto ya yi haske. Ka dawo gida ka tarar da dishi-dishin da ka gudu. A kan M ba ta taɓa shotarka, sai dai hoton ya fito da ɗan duhu. Ni kuma na fi son hoto mai duhu amma tar, tunda RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, in ɗaga shi mataki ɗaya a kwamfuta ba wani abu ba ne.

Kuma canza shota a M juyi ɗaya ne na dayal. A kan A sai ka shiga menu ka nemo layin, sai fa in ka ɗora shi a wani maɓalli.

Uwar Biyu:
Shi ya sa nake cewa a daina matse iyakar sama. Mutum ya sa 1600 don tsoron yashi, sannan ya yi mamakin shota na sauka. Ni 12800 na sa wa tawa. Ba kullum take kaiwa can ba, amma ranar da ta kai, to babu wata hanya ce, kuma da babu gara ba daɗi.

Injiniya:
Maganar yashin nan ma akwai gyara a yadda ake fahimtarta. Ba lambar ISO ce ke haifar da yawancinsa ba, ƙarancin hasken da ya isa sansa ne. Haske zuwa yake ƙwaya-ƙwaya, ba a jere ba. In ƙwayoyin da suka sauka suna da yawa, rashin daidaiton ba ya fitowa. In kaɗan ne, sai ya bayyana a matsayin yashi. Abu biyu ne kawai ke ƙara hasken da ke shiga, faɗin ƙofar lens da tsawon lokacin da shota ta yi a buɗe, sai kuma ka ƙara fitila a wurin. ISO ƙara ƙarfin abin da aka riga aka samu yake yi, kamar ka murɗa muryar rediyo a tashar da ba ta kamu sosai ba: maganar za ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru.

Gwaji mai sauƙi: kafa f/5 da 1/250 a ɗakin nan naka. Ɗauki ɗaya a ISO 3200, ɗauki wani a ISO 400 ba tare da ka taɓa sauran ba. Na biyun zai fito da duhu. Ɗaga shi mataki uku a kwamfuta har su yi daidai. Za ka ga yashinsa bai gaza na farkon ba, a kyamarori da yawa ma ya fi muni. To ina ribar riƙe ISO a ƙasa?

Sabon Hannu:
Ikon Allah. To Injiniya, in ina son rage yashin da gaske fa?

Injiniya:
Ka kawo haske. Matsar da yaran kusa da taga, ko ka kunna duk fitilun ɗakin. In kuma za ka ƙara kaya, lens mai faɗin ƙofa ya fi sabuwar kyamara amfani a nan. Lens ɗinka a 55mm ba ya wuce f/5.6. Lens 50mm mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Inda kake buƙatar ISO 6400, sai ka koma wajen 640 a shota ɗaya. Sai dai akwai abin da za ka biya: a f/1.8 zurfin wurin da ke fitowa tar siriri ne, in yara biyu ne ɗaya na gaba ɗaya na baya, ɗaya zai fita daga fokas. Nan sai ka tsuke zuwa f/2.8 ko f/4 ka bar ISO ya hau.

Mai Zum:
Ni fa ban gane wahalar da kuke sha ba. Lens ɗina yana da abin hana rawa, ina ɗauka a 1/15 da hannu hoto ya fito garau.

Mai Tsuntsaye:
Hoton me, Malam?

Mai Zum:
Gine-gine da dare, da tituna.

Mai Tsuntsaye:
To gini ba ya gudu. Abin hana rawa hannunka yake riƙe wa, ko a lens yake ko a jikin kyamara. Ba ya riƙe yaro, ba ya riƙe mota. Duba mutanen da ke wucewa a hotunan naka na 1/15, za ka gan su kamar inuwa. Ga irin aikinka kam yana da amfani sosai, har ma ina ba ka shawara ka je layin mafi ƙarancin shota ka bar shi a atomatik amma ka tura shi wajen jinkiri. Nikon da Sony da Canon na yanzu duk suna da wannan, ka ce mata ta yi ƙasa ko sama da lissafin tsawon lens da mataki ɗaya ko biyu. Amfaninsa ga mai zum shi ne yana bin tsawon lens ɗin: ka ja zuwa 200mm shota ta ƙara sauri, ka dawo 24mm ta sassauta.

Tsohon Hannu:
Na ji duk bayananku, kuma ban ce babu hikima a ciki ba. Amma bari in faɗi inda atomatik ɗinku zai kunyata ku, don kada yaron nan ya ɗauka magani ne na kowace cuta.

Ka tsayar da mutane a wuri ɗaya, fitila ɗaya, kana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya sa fararen kaya, na biyu baƙaƙe. Hasken da ke sauka a fuskarsu bai canza ba, amma mita za ta ga fari ta rage, ta ga baƙi ta ƙara. Ka zo gyara ka tarar hoto hamsin kowanne da haskensa, bango yana yin fari yana yin duhu. Da ka kulle komai, gyara ɗaya za ka yi ka shafa wa duka. Haka in kana ɗaukar fili yanki-yanki don ka haɗe su su zama hoto ɗaya mai faɗi, in ISO na yawo za a ga layin ɗinki a sararin sama.

Sai kyamara a kan ƙafa uku. Kana ɗaukar gari da dare, babu abin da ke motsi, kana da damar barin shota a buɗe daƙiƙa goma a ISO 100 hoto ya fito sumul. Ka manta ISO na atomatik a kunne, ita kuma ba ta san a kan ƙafa uku take ba, sai ta ba ka 1/60 a ISO 6400. Ka ɗauko kaya mai nauyi a banza.

Na uku filasha ta situdiyo. Mita hasken ɗaki take aunawa kafin filasha ta tashi, ba ta san da zuwanta ba. Za ta ɗaga ISO sama, filasha ta zo ta wanke komai. Nan M ne zalla, ISO a kafe, shota kada ta wuce iyakar da kyamara ke tafiya da filasha, 1/200 ko 1/250 a yawancinsu.

Uwar Biyu:
Wannan kam Baba babu mai ja da kai. Ni ma in haske a tsaye yake kulle komai nake yi. Inda muka rabu kawai shi ne ka ce sabon shiga ya fara da M zalla a kan yara masu guje-guje. Kafin ya gama juya dayal uku sun bar ɗakin.

Tsohon Hannu:
To ya yi yadda kika ce, amma da sharaɗi: duk hoton da ya ɗauka ya riƙa duba lambobin da kyamara ta zaɓa, ya tambayi kansa dalili. In ba haka ba shekara goma zai yi bai san abin da ke faruwa a hannunsa ba.

Ɗalibar Hoto:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Ba wanda ya ambaci S, wato Tv a Canon. Ba shi aka yi don abu mai motsi ba? Mu haka aka koya mana, wasanni S, hoton mutum A.

Mai Tsuntsaye:
Ƙanwata, koyarwar ta zamanin da ISO ba ya motsi ce, kuma a lokacin daidai ne. Matsalar S ita ce ka ba da ƙofar lens. In haske ya ragu za ta wangale ta gaba ɗaya, wanda sau da yawa dama shi kake so. Amma in haske ya yi yawa za ta yi ta tsukewa har f/16 ko f/22, bayan da kake so ya narke ya fito rangaɗau, kaifin hoton ya ragu saboda yadda haske ke bazuwa in ƙofa ta yi ƙanƙanta sosai, duk wata ƙura da ke kan sansa kuma ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. Inda nake ganin amfaninsa har yanzu shi ne in kana son jinkiri da gangan, misali kana bin mota da kyamara a 1/30 don bayanta ya ja, ko jirgi mai farfela da kake son farfelar ta nuna juyi.

Ɗalibar Hoto:
Na gane. Wata tambayar: a zauren wasanni na sa 1/1000, sai hotuna suka riƙa fitowa wani da haske wani da duhu, wani kore-kore, alhali komai a kulle yake a M. Har na zargi kyamarar.

Injiniya:
Fitilun zauren ne. Wasu fitilu ƙyaftawa suke yi tare da wutar lantarki, sau 100 a daƙiƙa inda wuta ke tafiya a 50Hz, sau 120 inda take 60Hz. Ido ba ya gani, amma shota mai 1/1000 tana kama ɗan yanki ne kawai na zagayen, wani lokaci ƙololuwa wani lokaci gangara. In abin da kike ɗauka ba ya gudu, sauka 1/100 ko 1/50 a wurin 50Hz, zagayen ya cika, matsalar ta ɓace. Wasanni kuwa ba za su yiwu a 1/100 ba, don haka nemi saitin hana ƙyaftawa a menu. Yana jinkirta shota ɗan ƙanƙanin lokaci har ta dace da ƙololuwar hasken. Canon 7D Mark II ta zo da shi a 2014, yanzu kyamarori da yawa suna da shi. In kuma kina amfani da shota mara ƙara, ta lantarki, kika ga ratsi-ratsi a kwance cikin hoton, koma shotar inji ki gwada.

Sabon Hannu:
To duk waɗannan saituttukan, kowane lokaci sai mutum ya shiga menu ya canza?

Uwar Biyu:
A'a. Duba dayal ɗinka, in akwai C1 da C2 a Canon, ko U1 da U2 a Nikon, ko 1 da 2 a Sony, ma'ajiya ce. Saita kyamara yadda kake so ka adana a can. Ni na farko na sa A, ISO na atomatik, ƙasa 1/250, don mutane. Na biyu M, 1/1000, ƙofa a wangale, ISO na atomatik, don gudu. Fujifilm kuma sun ba ISO na atomatik gurbi uku, kowanne da iyakarsa da mafi ƙarancin shotarsa. Ka dai lura, a wasu kyamarorin in ka canza wani abu kana cikin gurbin sannan ka kashe ta, za ta koma kan abin da ka adana tun farko, ƙari da ragin da ka yi ma ya tafi.

Mai Zum:
Tawa ƙarama ce, na duba babu layin mafi ƙarancin shota ko kaɗan, iyakar sama kawai ta ba ni.

Mai Tsuntsaye:
Akwai irinsu, musamman ƙananan Canon na da. To kai A ba za ta yi maka wannan aikin a ɗaki ba. Koma M da ISO na atomatik ka sa shotar da hannunka, in za ka fita rana ka tuna ka ƙara mata sauri. In kuma ta hana ka ƙari da ragi a M, yi amfani da Tv: a cikin duhu dama ƙofar a wangale za ta bar ta, kuma maɓallin +/- yana aiki a can.